Yadda Jikin Akuya Yake Ƙera Abincin Yaro

Zuwa ga iyaye mata da masu faɗakarwa na ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi.

Da wuya a shiga gida a ƙasar nan ba a tarar da akuya ɗaure a turke ba, kuma sau da yawa ta mace ce: ko ta saya da kuɗin sana'arta, ko ta gada, ko an ba ta aron kiwo irin na haɓɓanaye. Jar akuyar Maradi sananniya ce har a wajen Nijar saboda yawan haihuwar tagwaye da kyawun fatarta, kuma tun 1963 akwai cibiya a Maradi da aka kafa domin kula da irinta. Amma a wurin awon yara, tambayoyi uku ne suke yawan dawowa. Me ya sa nonon akuya yake ɗaukewa da bazara, daidai lokacin da yaro ya fi bukatarsa? Me ya sa ma'aikatan lafiya suke nacewa a kan ɗan yankin hanta ko ƙwai ɗaya, alhali yaro ya ƙoshi da tuwo? Kuma me ya sa za a tafasa nonon da aka tatsa yanzu-yanzu, fari fat, babu ko ƙura a kansa? Amsar duka ukun tana cikin yadda aka gina jikin dabbar, a wurin da ido ba ya kaiwa.

Ƙwayar halitta

Idan aka ɗauki ɗan ɓarɓashin hanta aka sa a ƙarƙashin madubin nan da ake duba jini da shi a asibiti, za a ga ashe ba dunƙule ɗaya ba ce. Ƙananan ɗakuna ne jere da juna, kowane da iyakarsa. Kowane ɗaki shi ake kira ƙwayar halitta. Wani masani a Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ba su suna a 1665, bayan ya duba ɓawon itace. A 1839 kuma Theodor Schwann na Jamus ya nuna cewa jikin dabba ma da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina shi. Akuya, da kaza, da uwa, da jaririnta, duk ginin ɗaya ne.

Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Ƙwayoyin jini ja na akuya suna cikin mafi ƙanƙanta a dabbobin gida: sai an jera kimanin 300 kafin su cika milimita ɗaya, wato tazarar da ke tsakanin zane biyu mafi kusa a ma'aunin damtsen yaro. Na mutum sun fi girma, wajen 130 ne za su cika wannan tazarar. Akwai dai ƙwayar halitta ɗaya da kowace uwa ta taɓa riƙewa a hannunta: gwaiduwar ƙwai. Ƙwaya ɗaya ce da ta cika da guzurin da zai ishi ɗan tsako kwana 21 har ya ƙyanƙyashe.

Ƙwayar halitta ta yi kama da gida. Tana da danga, wani tantani siriri da aka yi da mai da furotin, wanda yake zaɓen abin da zai shiga da abin da zai fita. A tsakiya akwai cibiya, inda aka ajiye umarnin gado: shi ne yake sa jar akuya ta haifi ja. Akwai ƙananan murahu masu ƙona abinci da iskar numfashi su fitar da ƙarfi da ɗumin jiki. Akwai kuma wuraren aiki da ake harhaɗa furotin. Sabuwar ƙwaya ba ta fitowa daga ko'ina sai daga tsohuwa, wadda take rabewa biyu. Girman yaro ke nan: ƙwayoyi suna rabewa suna ƙaruwa, kuma kowace sabuwa tana bukatar kayan gini daga abin da ya ci. Jiki kuma ba ya gama ginuwa ya huta. Shimfiɗar cikin hanji tana sabuntuwa cikin kwana 3 zuwa 5, ƙwayar jini ja kuwa tana yin kimanin kwana 120 ta mutu a maye gurbinta.

Ƙwayar shuka ta bambanta a abu guda mai muhimmanci a gare mu. Bayan tantanin, tana da bango mai tauri wanda hanjin mutum ba ya iya narkarwa. Ƙwayar dabba ba ta da wannan bango. Za mu koma kan wannan.

Saƙar jiki

Kaba ɗaya ba tabarma ba ce, sai an saƙa ta da ƴan'uwanta, kamar yadda matan Gulbin Kaba suka fi kowa sani. Haka ƙwayoyi masu kama da juna suke haɗuwa su yi aiki ɗaya, sai a kira haɗuwarsu saƙar jiki. Likitocin dabbobi da na mutane sun kasa ta gida huɗu, kuma duk wadda ta taɓa gyara kayan ciki ranar layya ta gan su da idonta. Akwai saƙar shimfiɗa, mai rufe waje da ciki: saman fata, da santsin cikin baki, da cikin hanji da huhu. Akwai saƙar haɗi, mai riƙe sassa da cika tsakaninsu: ƙashi, guringuntsi, kitse, farar jijiyar nan mai tauri, har da jini. Akwai tsoka mai motsi, wadda muke kira nama. Sai saƙar saƙo, wato ƙwaƙwalwa da laka da zaruruwan da suke kai umarni ko'ina a jiki. Kowace gaɓa, hanta ce ko hantsa, haɗin waɗannan ne.

Hantsa ce ta fi shafarmu, don haka a nan za mu daɗe.

Mutane da yawa suna ɗaukar hantsa kamar tulu ce da nono yake taruwa a ciki. In aka tsaga ta, abin da za a gani ya fi kama da soso: dubban ƙananan jakunkuna, kowace an shimfiɗe cikinta da layi ɗaya tak na ƙwayoyin saƙar shimfiɗa. Waɗannan ƙwayoyi su ne masu yin nono. Ta bayansu ƙananan hanyoyin jini ne suka kewaye su. Suna tsamo ruwa da sukari da kayan furotin da na mai da sinadarin ƙashi daga cikin jinin, su sarrafa su, su zuba nono ta gabansu cikin jakar. Kafin a sami lita ɗaya ta nono, sai jini kimanin lita 400 zuwa 500 ya zagaya ta cikin hantsa. Jinin ba ƙarewa yake yi ba, zagayawa yake yi, amma duk zagaye ana ɗibar wani abu daga cikinsa, kuma abin da aka ɗiba sai ciki ne zai mayar.

Ga amsar tambayar farko. Da bazara, daga watan Afrilu har zuwa saukar damina, akuya tana yawo a gonakin da babu komai sai busasshen kara da leda. Jininta ya talauce. Da farko takan narkar da kitsenta, sannan tsokarta, don ta ci gaba da shayar da ɗanta, shi ya sa ƙashin bayanta yake fitowa. Daga nan sai ƙwayoyin hantsa su rage aiki, wasu su mutu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akuyar da ta ƙoshi tana iya ba da wajen rabin lita a rana a farkon watannin haihuwarta. Wadda ta yini a rana ba ruwa, ko ɗanta ba za ta ƙosar ba, domin kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne.

A ganina, ɗaurin harawar wake da aka adana a kan rumfa tun kaka, aka ƙi sayar da shi lokacin da farashinsa ya hau, yana cikin abubuwa mafi amfani da gida zai yi wa yaro ɗan wata goma. Harawar wake da ta gyaɗa, dusar gero, ƴaƴan gawo, ɗan gishirin lasa ko kanwa, da ruwa sau biyu a rana: a ware su domin akuya mai ciki a makonni shida na ƙarshe (cikinta wata biyar ne) da mai shayarwa. A waɗannan makonni ne hantsa take gina sababbin jakunkunan da za ta yi aiki da su bayan haihuwa. Gawo kuwa, da yake shi da rani yake ganye, duk wanda ya bar shi ya girma a gonarsa ya ajiye wa awakinsa abinci.

A jikin kowace jakar nono akwai wasu ƙwayoyi masu kama da yatsu da suke matse ta. Ba sa matsawa sai saƙo ya zo daga ƙwaƙwalwa, kuma saƙon yana tashi ne idan ɗan akuya ya kama kan nono ko an shafa hantsa a hankali. Aikinsa ƴan mintoci ne. Tsoro, duka, ko haushin kare suna tare shi, sai a ce akuya ta riƙe nononta. Iyaye mata, haka ƙirjin mace yake aiki. Uwa mai damuwa ko jin zafi, nononta yakan yi jinkirin saukowa ko da yana nan. Yawan sa yaro a nono, dare da rana, shi yake gaya wa ƙwayoyin su ƙara yi. Ku masu faɗakarwa, idan uwa ta ce nononta ya kasa, ku fara duba yadda yaron yake kama nonon, da sau nawa take ba shi, da abin da ita kanta take ci take sha.

Ku lura kuma da dakashi. Babu makiyayin da yake hana ɗan akuya nonon farko, domin ya san wanda bai sha ba da wuya ya yi rai. Dalili shi ne, a yinin farko kaɗai shimfiɗar hanjin ɗan akuya take barin kayan kariya daga cuta su wuce cikin jininsa. Bayan kimanin awa 24 ƙofar ta rufe. Jaririn mutum yana samun wani kaso na kariyar tun a ciki, amma dakashin uwarsa ne yake shafe masa hanji ya tsare shi daga zawo. Abin mamaki ne a ga gidan da ake kula ɗan akuya ya sha dakashi, amma a matse na uwa a zubar a ce ba shi da kyau. A sa jariri a nono cikin awar farko, kuma har wata shida kada a ba shi komai sai nonon uwa: ba ruwa, ba rubutu, ba nonon akuya. Nonon akuya an yi shi ne domin ɗan da yake tsayawa da ƙafafunsa ranar haihuwa. Furotin ɗinsa ya ninka na mace kusan sau uku, gishirinsa ma ya fi yawa, ƙodar jariri ba ta iya ɗaukarsu. Daga wata shida ana iya zuba tafasasshen nonon akuya a kunu, uwa kuma ta ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

Hanta, jini da ƙwai

Akuya tana cin abin da mu ba za mu iya ci ba. Cikinta ɗaki huɗu ne, kuma a babban ɗakin, wato tumbi, akwai ƙananan halittu marasa adadi masu fasa bangon ƙwayar shukar nan da muka ambata, ita kuma tana taimaka musu da tuƙa. Ta haka harawa take zama nama da nono. Yaro ba shi da tumbi. Cikin ɗan wata takwas bai wuce ƙaramin kofi ba, kuma idan aka cika shi da tsinkakken kunu, ya cika da ruwa ne. Gero abinci ne mai kyau, yana da sinadarin ƙarfe, amma akwai wani abu a cikin ƙwayarsa da yake ƙulle ƙarfen, jiki ya samu kaɗan. Jiƙa gero, tsirar da shi, ko barinsa ya yi tsami suna sassauta ƙullin. Tumatir, lemun tsami da garin ƴaƴan kuka suna taimakawa. Shayi a kan abinci yana ƙara ƙulle shi. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta kuwa ya riga ya shiga siffar da jini yake amfani da ita, shi ya sa jiki yake karɓarsa ninki-ninki.

A cikin ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini ja, kuma ba sa ƙeruwa sai da ƙarfe, da bitamin B12, da wani bitamin da ake samu a ganye da hanta. B12 babu shi a gero, babu shi a wake, sai a abincin da ya fito daga dabba. Da damina kuma zazzaɓin cizon sauro yana shiga cikin waɗannan ƙwayoyi ya fasa su. Yaron da yake rasa jini ta nan, ba ya samun kayan mayarwa ta can, shi ne za a ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Nonon akuya, duk da amfaninsa ga ƙashi da girma, ba shi da ƙarfe sosai, don haka ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Hanta ita ce rumbun jiki. Ƙwayoyinta suna ajiye ƙarfe da B12, wasu ƙwayoyi na musamman a cikinta kuma suna ajiye bitamin A, wanda saƙar shimfiɗa ta ido da huhu da hanji ba ta zama lafiya sai da shi. Rashinsa ne yake kawo dundumi. Ɗan yanki kamar babban yatsan uwa, a dafa shi sosai a murƙushe cikin kunu ko miya sau ɗaya a mako, ya isa ya yi aiki; ba a son a yawaita, mai ciki ma ta ci kaɗan. Wannan ba ya hana karɓar bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa 59 duk bayan wata shida.

Na san nama ba ya shiga tukunyar kowa kullum. Amma zabi suna ƙwai da damina, lokacin da tamowa ta fi yawa, kuma yawancin ƙwan kasuwa yake tafiya. A rage wa yaro ɗaya. Zancen cewa yaro mai cin ƙwai zai yi sata ko zai yi jinkirin magana ba shi da tushe. Busasshen kifi ko fara da aka daka su ma abincin dabba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga wata 6 zuwa 23 ya ci nama, ko kifi, ko ƙwai kowace rana. Wanda bai samu kullum ba, ya yi iya abin da ya samu.

Idan saƙa ta lalace

Makiyaya sun san akuyar da ƙasan haɓarta ya kumbura da damina, cikin fatar idonta ya yi fari. Tsutsar ciki ce mai shan jini. Furotin ɗin da hanta take zubawa cikin jini shi yake riƙe ruwa a hanyoyin jini. Idan ya ragu, ruwan sai ya tsiyaye cikin saƙar haɗi. Ba wanda yake cewa wannan akuya ta yi ƙiba. Yaro ma, idan ƙafafunsa biyu suka kumbura, ba ƙiba ba ce. Ku danna bayan ƙafafun biyu da babban yatsa, ku ƙirga uku a hankali. Idan rami ya zauna a duka biyun, tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar, ko da ma'aunin damtse ya nuna kore. Ma'aunin kansa tsoka da kitse yake aunawa, su ne jiki yake fara narkarwa idan abinci ya kasa: ƙasa da milimita 115 ja ne, daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne.

Hantsar da ta yi zafi, ta yi tauri, nononta ya zo da gudaji ko jini, ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta kan nono. Idan aka yi jinkiri, jakunkunan nono suna mutuwa tabo ya maye gurbinsu, kuma tabo ba ya yin nono. Wannan ɓangaren ya tafi ke nan. A wanke hannu da sabulu kafin tatsa, a share turke, a kira malamin dabbobi da wuri. Kada a ba yaro wannan nonon. Idan an yi wa akuya allura, a tambayi malamin kwana nawa za a jira, domin magani ma ta jini yake bi ya fita a nono.

Saura tambaya ta uku. Akwai cutar da makiyaya suke kira bakkale, mai sa dabba ɓari. Ƙwayar cutar tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin halittar dabbar kanta, a mahaifa da hantsa, tana fita a nono alhali akuyar tana kiwo lafiya lau. A tsibirin Malta, likita David Bruce ya gano ƙwayar a 1887, amma sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gane cewa ɗanyen nonon awaki masu kamar lafiya ne yake ɗauke da ita. A jikin mutum tana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin zazzaɓin sauro ba sauƙi. Tacewa ba ta cire ta, kuma ba a dogara da tsami ya kashe ta. A tafasa nonon har ya taso, a bar shi ya huce a rufe, sannan a zuba masa tsohon nono a kwantar in ana son kindirmo. Idan akuya ta yi ɓari, kada mai ciki ta taɓa ɗan ko mabiyiyar. A sa leda a hannu, a binne su da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Zazzaɓin Rift da ya kashe mutane a yankin Cintabaraden na jihar Tawa a 2016, ta jini da ɓarin dabbobi ya fi kama makiyaya. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko dubura, ko da an yi sauri an yanka ta, kada a feɗe ta kuma kada a raba namanta, domin tana iya zama cutar saifa. Hantar da aka ga fararen tabo, ko ƙulli, ko tsutsa mai faɗi a cikinta, a bar ta.

Annobar awaki da tumaki da ake kira PPR ba ta kama mutum, amma tana cinye shimfiɗar baki da hanji da huhun dabba: majina, gyambon baki, zawo, sai mutuwa, wani lokaci turke ya zama wayam cikin mako biyu. A 2015 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da ita nan da 2030, kuma ma'aikatar kiwo tana zagayen rigakafinta kowace shekara. Awakin mata ne aka fi tsallakewa, domin sanarwa takan tsaya a majalisar maza. Masu faɗakarwa, idan kun ji ranar zuwan masu allura, ku shiga gida-gida ku gaya wa masu awakin da kansu, kuma ku roƙi maigari a tsayar da wurin allurar inda mace mai goyo za ta iya kai akuyarta ta dawo kafin rana ta take.